Watan da Aka Auna Landan da Cikin Mai Azumi

Bana shekara talatin ke nan da muka kai Saje Iliyasu makwancinsa, a wata maƙabarta can bayan Landan, ranar da ruwa ya jiƙa ƙasa har sai da aka shimfiɗa mana katako muka tsaya a kai. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fiye masa nan. A cikin waɗanda suka kama makararsa ni kaɗai na rage a garin nan. Wasu sun koma gida, wasu sun bi shi. Na ga in ban faɗi labarinsa yanzu ba, babu mai faɗa, don bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, sai akwatin kayan gyaran agogo da ke ƙarƙashin gadona har yau.

Ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma tun muna yara kowa a cikinmu yake cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Zaure ɗaya muka yi karatun allo. Ni na zauna har na sauke, hannuna ya faɗa da rubutun ajami. Shi kuwa ya ga sojoji suna fareti ya bi su. Yaƙin basasa ya karɓe masa ƙafar hagu daga gwiwa, ya dawo mana da sanda da ƙafar roba, da dariyarsa yadda ya tafi da ita. Ni na riga shi zuwa Ingila. Wani attajirin garinmu da ya sayi gida a Landan lokacin da kuɗin mai ya fara zuba, shi ya ɗauko ni in riƙa biya wa 'ya'yansa karatu, kada su tashi ba su san ko bihim ba. Na zo da niyyar shekara biyu. Ga ni nan har furfura ta cinye gemu, a wani flat, wato sashen gidan bene, a unguwar Thamesmead, ina kallon siminti ta taga.

Abin da ya tayar mini da zancensa 'yata ce Hajara, wadda ke aiki a council, wato ƙaramar hukuma, a sashen da ke lissafa wa mutane benefit, tallafin da gwamnati ke ba mabukata. Ta zo da kwamfutarta wata rana tana ƙarasa aiki, na leƙa na ga yadda ake yi. A sa shekarun mutum, a sa irin naƙasarsa, a sa unguwarsa, kafin ka ƙifta ido adadi ya fito, wai ga abin da zai ishe shi a wata. Na tambaye ta wa ya gaya wa na'urar nan ya isa. Ta ce, "Baba, it's calculated, an riga an yi lissafin."  Da Saje na nan, da sai ya matso ya gyara tabarau, ya ce a tambayar masa na'urar ko azumi take yi ran da aka yi mata lissafin.

Bayan yaƙi da 'yan shekaru, da arziki ya samu, aka kafa wani kwamiti a gida da niyyar alheri: a turo wasu daga cikin sojojin da suka naƙasa Ingila su koyi sana'a, a riƙa ba su alawus duk wata na ci da haya har su gama. Kuɗi akwai a lokacin. Abin da babu shi ne wanda ya san nawa mai ƙafa ɗaya ko marar ido yake bukata ya rayu wata guda a Landan. Akwai adadin da ake ba ɗalibai, amma ɗalibi in kuɗin mota ya ƙare masa sai ya taka. Wanda aka ɗora wa aikin a nan wani ma'aikacin gwamnati ne ɗan arewa, mai natsuwa da tsoron Allah, kowa Sakatare yake ce masa. Ya ce ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, shi ba zai zauna a ofis ya ƙiyasta cikin wani ba. A turo soja ɗaya tukuna, a ba shi kuɗi a wadace, ya yi wata guda yana zuwa makaranta yana cin abin da ya ga dama. Abin da ya kashe shi ne mudun da za a auna wa saura. Har yau ban ga aibin wannan dabara ba. Aka duba wanda ba zai ci amana ba, aka zaɓo Iliyasu, aka ce gyaran agogo zai koya.

Ya sauka ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi. A shekarar azumin ya faɗo a ƙarshen zafinsu, Turawa suna kwance a ciyawa kamar an shanya su. Aka kama masa ɗaki a unguwar Catford, a gidan wata tsohuwar Baturiya. A kusurwar ɗakin akwai murhun gas na ɗumama ɗaki, da wata mita a gefe wadda sai ka jefa mata sulalla take ba da wuta. Na nuna masa yadda ake yi. Ya dube ta ya ce, "Bawana, wannan mita ce ko akuya? To ta ɗauki azumi tare da mu." Duk watan bai jefa mata komai ba sai na dafa shayi.

A wancan zamani mu 'yan arewa ba mu da yawa a Landan, kuma labari ba ya kwana. Kafin azumi ya yi nisa kowa ya ji an kawo wani soja da ya bar ƙafarsa a fagen fama. Likitoci, ɗalibai masu iyali, ma'aikatan da aka turo kwas, har maigidana Alhaji, kowa yana son ladan buɗa-bakinsa, sai da aka riƙa bin layi. Wani likita kan biyo da mota ya ɗauke shi daga makaranta, a sha ruwa, a yi tarawihi, a mayar da shi har ƙofa da kwanon sahur ɗaure a ƙyalle. Wata ya ƙare bai san kuɗin nama ba, bai san inda ake sayar da shinkafa ba.

Bayan salla na raka shi ofishin Sakatare. Ya sara masa irin ta soja, ya ajiye ambulan a kan tebur, abin da ya dawo da shi ya fi abin da ya kashe. Sakatare ya ce, "Saje, ka tabbata ba ka takura kanka ba? Ya ishe ka?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, har ya yi yawa. Alhamdu lillahi."

Kakarmu da ta rene mu tare ta sha buge mana hannu a kan wannan. In an ba ka abinci a gidan mutane ba a suɗe kwano, ko yunwa za ta kashe ka sai ka rage loma, don mai gida ya san ya ƙosar da kai. Iliyasu ya ɗauki gwamnati mai masaukinsa ce, ya rage mata loma a kwano. Kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya kashe ya faɗa. Sakatare ma bai yi ƙwauro ba, sai da ya ɗora wani abu a kai saboda sanyi, gwargwadon zaton mutumin da ɗumin gidansa ta bango yake zuwa, sannan ya aika gida. Muka fito muna murna. Babu wanda ya tuna da buɗa-baki, don a wurinmu abincin azumi ba ya shiga lissafi, kamar dai a ce ka lissafa iskar da ka shaƙa. Da Baturen da bai san mu ba aka ba aikin, da abin da zai fara tambaya shi ne wa ya biya kuɗin abincin dare.

Aka turo mutum huɗu a kan wannan mudu, suka sauka ganye na zuba, aka rarraba su inda makarantunsu suke. Wanda labarin nan ya shafa shi ne Kofur Tanko, wanda ɓarɓashin bam ya tafi da idanunsa biyu. Aikin haɗa layin tarho aka kawo shi ya koya, irin wanda mutum zai zauna gaban allo mai ramuka yana soka waya, yana haɗa mai kira da wanda ake nema. Aka sa shi a Edmonton, can arewacin gari, tsakaninsa da Catford sai an ƙetare kogi, an canja mota an sake canjawa. Matarsa da 'ya'yansa suna gidan ƙanensa. Abin da ya kawo shi ke nan, ya koma ya ɗauke su ya ci da su da hannunsa.

Da farko duk Lahadi suna haɗuwa a ɗakin Saje, ni ma ran nan ce hutuna. Tanko kan zo da farar sandarsa, ya haddace motocin, kwandasta na saukar da shi. A tuƙa tuwon garin shinkafa, a kaɗa kukar da aka zo da ita daga gida, a yi ta tsiya. Tanko ya ce shi ya fi kowa riba a Landan, ba ya biyan kuɗin fitila, kuma Allah ya hutar da shi ganin fuskar Saje. Saje ya ce, "Gode Allah, Kofur. Ni ƙafa ɗaya ke jin sanyi, amma safa biyu suke sayar mini dole."

Sai sanyi ya shigo na gaske. Gayyata ta ɗauke, ba don mugunta ba. Azumi ya wuce, kowa ya koma harkarsa, kuma kowa ya ɗauka gwamnati na riƙe da su. Akuyar kusurwa ta buɗe baki, ba ta ƙoshi. Mai ƙafar roba ba ya iya taka titin da ƙanƙara ta sa wa santsi don ya rage kuɗin mota. Makaho ba ya iya zagaya kasuwa neman araha, kantin da ke kusa shi ne nasa ko nawa ya ce. Kafin wata ya raba, alawus ya yi nisa. Haya ba ta raguwa, makaranta dole a je, ciki ba a ba shi haƙuri kullum. Abu ɗaya ne za a yanke ba wanda ya gani, kuɗin motar Lahadi. Wannan ya ce mura, wancan ya ce karatu ya yi yawa. Babu wanda ya ce ba shi da kuɗi, don duk sun san Saje ne ya auna, kuma Saje na gaba da su. Wata Lahadi muka tuƙa tuwon mutum shida, muka zauna mu biyu muna kallonsa har ya huce.

An ce zumunta a ƙafa take, to a Landan sai da tikiti. Duhu yana shiga tun la'asar. Mutum ya dawo daga makaranta ya rufe ƙofa, ba sallama, ba kiran salla, ba kukan yaro, sai ƙarar bututun ruwa a bango. Mu masu ido mukan leƙa taga mu ga mutane suna wucewa. Tanko ko wannan ba shi da shi.

Na je masa wata Lahadi in rubuta masa wasiƙar gida, da yake matarsa ajami take karantawa. Na tarar da shi a bakin gado ya lulluɓa da bargo, murhu a kashe. Da na yi sallama sai ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Yi haƙuri, Malam, kunnena ne ke jin ƙishirwa. Rabona da Hausa tun zuwanka na wancan karon. Jiya na kama kaina ina gaida buta, ina ce mata ya gajiya." Muka yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba. Sannan ya ce kada in ɓata tawada, shi zai je da kansa, zai roƙi Sakatare tikitin komawa. Na ce ai ya ci rabin karatu, kuma malamansa suna yabonsa. Ya ce, "Na sani. Na kuma san abin da ke jirana, zaman zauren ƙanena, a miƙo mini in miƙa wa 'ya'yana. Amma a zauren ana yi wa mutum sannu. Duhu na saba da shi, Malam. Duhu da shiru ne suka yi wa mutum ɗaya yawa."

Na kai wa Saje maganar. Ya yi ta juya wani agogon aljihu da aka ba shi ya gwada gyarawa. Ashe shi ma ya daɗe da gane inda aka kuskure, jiki magayi. Ya riga ya daina kunna murhunsa yana tara sulalla, wai zai aika wa Tanko da sunan wani bawan Allah ne ya bayar, ba abin da ya samu sai tari. Na ce, "Saje, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Je ka gaya wa Sakatare bai isa ba." Ya harare ni. "Kai malami ne, ba ka san rahoto ba. Ni na tsaya na sara na ce ya yi yawa. Yanzu in koma in ce me? In ce mutanen da suka ɗauko gurgu suka sa shi a jirgi sun yi rowa? Ko in zauna in sa wa tuwon da bayin Allah suka ba ni don lada kuɗi? Bakina ba zai iya ba, bawana." Na ce to ai bakin Tanko zai iya roƙon tikiti. 

Dabarar da ya ɓullo da ita irin tamu ce. Ya ce tun da gani ya kori ji, ba sai an faɗa ba. A gayyato Sakatare cin abinci a ɗakin Tanko, ya zauna ya ji abin da suke ji, shi da kansa zai yi magana. Tanko ya yarda ya jinkirta roƙonsa zuwa ranar. Sakatare ya zo ran Lahadi bayan azahar. Aka kawo abin da ake da shi, burodi da shayi da waken gwangwani. Aka jefa wa mita sulen da ya rage. Ana cikin ci wutar ta ƙanƙance ta mutu, babu wanda ya motsa. Ina ganin tururin bakinmu.

Abin da Saje ya manta shi ne Sakatare ma kaka ce ta rene shi. Ya cire kwat ɗinsa tun a ƙofa don girmama masu ɗaki, kuma bai mayar ba. Sanyi yana ratsa shi, amma ya yaba shayin, ya yaba tsaftar ɗakin, ya tambayi Tanko karatu. Ya ci burodi ya rage rabi a faranti, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Ko sau ɗaya bai kalli murhun ba, don kallonsa tona asirin mai gida ne. Muka yi la'asar a kan bargo. Ya yi godiya ya miƙe. Tanko ya juya fuska wajen da yake jin numfashin Saje, ya ce a hankali, "To, Saje, ni zan yi tawa maganar." Saje ya ce, "Dakata, Kofur."

Ya ɗauki sandarsa ya sha gaban Sakatare a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ran da aka dawo mana da shi daga asibitin soja. Ya daidaita ƙafar roba da mai rai, ya sara, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da gyara a rahotona. Watan nan da na yi, azumi na auna maka, ba Landan ba. Mutane suka ci da ni, suka ɗauke ni a mota, rana ta ɗumama ni kyauta. Kuɗin nan bai isa ba. Bai ishe ni ba, bai ishi yarana ba. Kofur ɗin nan gida zai koma hannu wofi, kuma bakina ne ya jawo." Gumi ne a goshinsa, a cikin wannan sanyi.

Sakatare ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Saje, tun da na shigo na gani. Amma ni baƙo ne a ɗakin nan, ba zan ci abincin mutum in ce masa yana cikin wahala ba. Kuma takardar da ke gida maganarka ce a kanta. In ba kai ka warware ta ba, cewa za a yi Sakatare ya ga kuɗin mai yana so ya lasa. Allah ya yi maka albarka. Yanzu don Allah a miƙo mini kwat ɗina kafin in mutu." Tanko ya tuntsire da dariya irin wadda muka daɗe ba mu ji ba, ya ce, "Yallaɓai, ai tun ɗazu nake jin haƙoranka suna haɗa layi."

Aka sake awo, wannan karon a tsakiyar sanyi, kuma kowa da nasa, don kowace naƙasa da irin kuɗin da take ci. Saje ya kafa sharaɗi. Duk wanda aka gayyata cin abinci ya je ya ci, amma a lissafa kamar saya ya yi, don alherin mutane tsakaninsu ne da Ubangijinsu, ba rangwame suka yi wa baitulmali ba. Sannan a sa kuɗin motar Lahadi daidai da haya da abinci. Sakatare ya ce wannan zai sha tambaya a gida. Saje ya ce a gaya musu magani ne. Ban san da wane suna ya shigar da shi ba, amma ya shiga. Amsa ta ɗauki lokaci, kuma kafin ta zo Sakatare ya riƙa zagayawa da motarsa ran Lahadi yana kwaso su. Tanko bai sake zancen tikiti ba. Ya gama, ya koma, ya samu aiki a teburin tarho na wani asibiti a garinsu, ya kama gida ya ɗauko iyalinsa. An gaya mini in mai kira ya yi masa sallama, ba ya haɗa shi sai ya tambaye shi ya gida ya iyali, ko layi ya cika.

Shi Saje bai koma ba. Tsohon da ya koya masa gyaran agogo ya riƙe shi a shagonsa, kullum yana cewa baɗi zai tafi. Matarsa ta rasu tun yana fagen fama, bai sake aure ba, iyaye kuma suka ƙare, har ya zama ba mai tarbarsa. Agogon batir ya zo ya kashe sana'ar a hankali. Ya tsufa a ɗaki ɗaya a Catford, cikin agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Amma duk Juma'a in an sauko zai hau mota ya zo gidana, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. In uwar Hajara, Allah ya jiƙanta, ta ajiye masa kwano, sai ya suɗe shi tas, in bai ƙoshi ba ya miƙa ya ce, "Amaryarmu, a ƙaro, bai isa ba." Takan ce ba ta taɓa ganin baƙo marar kunya irinsa ba. Ya ce kunya ta kusa mayar da makaho zauren ƙanensa, shi tun ranar ya yi mata saki uku.

Wata Juma'a aka ajiye kwanonsa har ya huce bai zo ba. Na hau mota kafin magariba. Na same shi a kan kujerarsa, tabarau a hanci, Allah ya karɓi abinsa tun da hantsi. A garin nan tsoho kan rasu ya yi makonni a ɗaki ba wanda ya sani. Saje bai kwana ba a sani ba. Motar da ya ce magani ce, ita ta sa aka yi masa sutura a kan lokaci.

Yanzu mun yi yawa a Landan, Catford da Edmonton sun cika da 'yan gida. Kowa da waya a aljihu, Tanko na yau zai ji muryar matarsa safe da yamma, ba sai ya gaida buta ba. Ina jin Saje zai yi murna da wannan. Ina jin kuma zai tambayi dalilin da ake aiko wa tsoho gaisuwar Juma'a da hoton fure daga unguwar da mota ɗaya ce tsakani. Har yanzu ana kawo mana labarin sojojin da ke dawowa daga daji babu ƙafa, babu ido. Ban san wa ke auna musu abin da zai ishe su ba, ko a wane wata yake awon. Ina roƙon duk wanda aka ɗora wa wannan nauyi ya sani, in ya tambayi ɗanmu ko ya isa, zai ce alhamdu lillahi, kuma da gaske yake yi wa Allah godiya, amma bai amsa tambayar ba tukuna. A sake tambayarsa cikin sanyi, bayan baƙi sun watse.

Me ya rage na Saje Iliyasu? Kabarin da ciyawa ke rufewa in ban sami mai kai ni ba, da akwatin nan, da jikokin Tanko waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, ko da yake tuwon da iyayensu suka tashi da shi ta bakinsa ya biyo. Ni ma ya bar mini gado, sai dai na daɗe ban taɓa shi ba. Tun da uwar Hajara ta rasu ni kaɗai ne a flat ɗin nan. Fansho yana shigowa, ɗumi yana zuwa ta bango, ba sai na ciyar da akuya ba. Hajara kan bugo kullum ta ce, "Baba, are you okay? Kana bukatar wani abu?" Bakina ya saba, kafin in yi tunani ya ce alhamdu lillahi, komai akwai. Ran da shekara talatin ɗin ta cika na yi masa addu'a bayan la'asar, sai ga wayarta, ta yi tambayar da ta saba. Na ji kakarmu a kunne ɗaya, na ji Saje a ɗayan. Na ce, "Hajara, abinci akwai, magani akwai. Wayar ce ba ta ishe ni ba. Ki hau mota ki zo ran Juma'a, ki taho da yaran." Ta ce, "To, Baba."

Na sayo garin shinkafa. Allah ya jiƙan Saje, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi a can har ya ce ya isa, ba don kunya ba.